Ɗamarar Wuta: Ciwon da Ba a Jiran Ranar Kasuwa a Kai Shi Asibiti

Wannan ciwo yakan fara ne fata tana nan lafiya ƙalau, babu ko ƙurji ɗaya. Dattijo ya wayi gari yana jin ƙuna da suka a gefe ɗaya na haƙarƙarinsa, ko a kwiɓi, ko a rabin goshi. Ya ɗaga riga a duba, ba a ga komai ba. Wani ya ce sanyi ne ya shige shi, wani ya ce ɗaukar buhun riɗi ne, in kuma ta hagu ne a ƙirji sai hankali ya tashi a ce zuciya ce. Wani lokaci har da ɗan zazzaɓi da ciwon kai da kasala, sai a ba shi maganin maleriya. Bayan kwana biyu ko uku, wani lokaci har biyar, sai ƙuraje su feso daidai wurin da yake ta nunawa da yatsa. Ƙanana ne masu ruwa a ciki, cunkus-cunkus, suna bin layi daga tsakiyar baya su zagayo zuwa tsakiyar ƙirji ko ciki, su tsaya cak. A asibitocin Sudan ana kiransa hizam an-nari, wato ɗamarar wuta, kuma da wannan suna za ka faɗa wa likita a Dindir ko Sinja ko Sinnar ya gane ka nan take.

Abu biyu ne ke bayyana shi, kuma ba sai da awon jini ba. Zafi ya riga ƙuraje zuwa. Ƙurajen kuma gefe ɗaya suke, ba sa ƙetare tsakiyar jiki. Littattafan likitanci sukan ce wurin yana yin ja tukuna, amma a baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai. Sai dai ka ga wurin ya ƙara duhu, ya ɗan kumbura, ya yi sheƙi. Wanda ya tsaya jiran ganin ja zai ɓata kwana ɗaya a banza.

Asalinsa ƙarambau ne, wanda Larabawan Sudan ke kira burjum. Ƙwayar bairos ɗaya ce ke haddasa su duka biyun. Yaro ya yi ƙarambau ya warke, kowa ya manta, amma ƙwayar ba ta bar jikinsa ba. Takan bi jijiyoyin ji ta koma ta ɓuya a tushensu, kusa da ƙashin baya ko cikin ƙoƙon kai, garkuwar jiki tana danne da ita shekara talatin, hamsin, sittin. Ranar da garkuwar ta yi sanyi, saboda tsufa ko wata cuta, sai ta farka a tushen jijiya ɗaya, ta biyo ta har zuwa fata. Duk wanda ya taɓa noma a Jazira ya san yadda kowane abu ishirin, wato ƙaramar hanyar ruwan ban-ruwa, ke shayar da jerin gonakinsa kaɗai, ruwansa ba ya tsallakawa zuwa na maƙwabta. Haka jijiyoyin ji suke: kowace tana da yankin fatar da take kula da shi, ta dama daban, ta hagu daban. Shi ya sa ƙurajen ke yin layi, shi ya sa kuma suke tsayawa a tsakiya. Zafin ma daga nan yake, domin jijiyar kanta ce ta kumbura tun daga tushe, ƙurajen da ake gani ƙarshen aikin ne kawai.

An daɗe kafin a tabbatar da wannan. A 1888 wani likitan yara a Budafes, Janos von Bokay, ya lura cewa yara kan kamu da ƙarambau bayan sun zauna da babban da ke da ɗamarar wuta. Sai a 1965 wani likitan ƙaramin gari a Ingila, Edgar Hope-Simpson, wanda ya shafe shekaru yana rubuta labarin kowane majinyacinsa, ya fito da bayanin ɓuyar ƙwayar da farkawarta idan garkuwa ta ragu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin uku a ƙasarsu zai yi ciwon a rayuwarsa, kuma haɗarin yana hauhawa sosai daga shekara 50.

A ƙasashe da dama ana cewa idan ɗamarar ta zagaye jiki, bakinta biyu suka haɗu, mai ita ya tafi. Tsohon zance ne, har a rubuce-rubucen Rumawa na dā akwai shi, kuma ba gaskiya ba ne. Na kawo shi ne don tsoron da yake jefa tsofaffi a ciki, suna kwana suna shafa bayansu su ji ko ta ƙaraso. Ba za ta haɗu ba. Haka kuma ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, ba wanda ya yi wa Baba asiri a gona. Mai son a yi masa tofi da addu'a a yi masa, babu abin da zai hana. Amma a yi yana kan hanyar asibiti.

Akwai abin da ke kama da shi a wannan yanki, kuma ya kamata a iya rarrabewa. Da damina da farkon kaka, ƙwari irin su hangara da wani siririn ƙwaro mai jiki baƙi da ja kan taru a fitila da dare, musamman kusa da gonakin ban-ruwa da bakin kogi. Idan mutum ya murje ɗaya a wuyansa ko hannunsa cikin barci, da safe sai ya ga bororo a layi kamar an ɗiga masa ruwan zafi. Bambancin shi ne wannan ƙuna tana zuwa ne farat ɗaya, babu zafin kwanaki kafin ta, tana fitowa a inda tufa bai rufe ba, kuma tana iya tsallaka tsakiyar jiki yadda hannu ya goga ta. Ita wanki da sabulu da tsabta ne maganinta. Idan an rasa tabbas, musamman ga wanda ya manyanta, a ɗauka ɗamarar wuta ce har sai ma'aikacin lafiya ya gani.

Dalilin gaggawar kuwa shi ne maganin yana da lokaci. Ƙwayar tana hayayyafa da ƙarfi ne a kwanakin farko, kuma maganin hana ta hayayyafa yake yi, ba ya gyara jijiyar da ta riga ta lalace. Ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen, wato kwana uku. Wanda aka fi samu kuma ya fi araha shi ne asiklobir, a kwalinsa an rubuta Aciclovir ko Acyclovir. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ya fito ne daga ɗakin binciken Gertrude Elion, wadda ta samu lambar yabo ta Nobel a 1988. Ƙa'idarsa ga babba mai lafiyar ƙoda miligiram 800 ne sau biyar a rana har kwana bakwai. Idan ƙwayar mai 400 ce aka samu, biyu-biyu za a riƙa sha, jimilla ƙwaya 70. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa: a sayi sashe ɗaya saboda kuɗi, a sha ɗaya safe ɗaya dare, a ce magani bai yi ba. Ɗan'uwansa balasiklobir, Valaciclovir, giram ɗaya ne sau uku a rana, ya fi sauƙin bi amma ya fi tsada. Asiklobir na shafawa, wanda ake sayarwa don ƙurajen leɓe, ba ya maganin wannan ciwo.

Jin sau biyar kan sa a ce a ɗaura shi da salloli, amma tazarar salloli ba daidai take ba, magariba da lisha sun yi kusa, asuba da azahar sun yi nisa. Gara a bi awa huɗu-huɗu: shida na safe, goma, biyu na rana, shida na yamma, goma na dare. A riƙa shan ruwa sosai, domin ta ƙoda maganin ke fita, kuma a zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Sinnar jikin tsoho kan bushe bai sani ba. Mai ciwon ƙoda dole ya faɗa, a rage masa. Idan ciwon ya faɗo cikin Ramadan, ba yadda za a matse sau biyar tsakanin buɗa-baki da sahur. Marar lafiya yana da rangwame a shari'a, ya sha ya rama daga baya, kuma ya kamata 'ya'ya su taya Inna ko Baba karɓar wannan rangwame, don su ne suka fi ƙin ajiye azumi.

Kwana uku a takarda abu ne mai sauƙi, a ƙauyukan Dindir kuwa ba haka ba. Da damina baƙar ƙasar nan takan zama taɓo mai riƙe mota, kogin Dindir ya cika daga tsaunukan Habasha, hanya ta yanke. Da kaka kuma riɗi ba ya jira, in an makara ya zube a gona, sai mutum ya ce bari a gama yanka. Ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda ya kai Wad Madani a Disamba na wannan shekara, ya kai Sinja da Dindir a tsakiyar 2024, kafin sojoji su sake karɓe Dindir a Oktoba. Asibitoci da shagunan magani da yawa sun tsaya a wancan lokaci, ma'aikata sun watse. Saboda haka shawarar da ta fi dacewa da wurin ita ce kada a ce sai babban likita. Mataimakin likita a shafahana ko cibiyar lafiya ta kusa ya isa ya gane ciwon da ido ya rubuta magani. Idan hanya ta yanke, a ɗauki hoton wurin da waya a tura wa wani ma'aikacin lafiya da aka sani, a aika yaro a kan babur ya nemo maganin. Kuma ko kwana ukun sun wuce a je, domin ana ba da shi bayan haka idan sababbin ƙuraje na ci gaba da fitowa, ko ciwon yana fuska, ko mai shi tsoho ne, ko garkuwarsa ta yi rauni.

Fuska ita ce ta fi damuna a duk wannan bayani. Tsakanin mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma, jijiyar da ke kula da goshi da ido ce ƙwayar ke bi. Sai ƙuraje su fito a rabin goshi, cikin gashi, a fatar ido, idon ya kumbura ya rufe. Alamar da likitoci ke dubawa ita ce ƙurji a kan hanci, a gefensa ko a tsininsa, domin reshen jijiyar da ke zuwa nan shi ne ke shiga cikin ƙwayar ido. Idan ido ya yi ja, ko yana ƙin haske, ko gani ya dushe, wannan tafiyar yau ce, zuwa inda akwai likitan ido, ko da sai an kai Sinnar ko Madani. Ciwon yana iya cin baƙin ido ya bar tabo, yana iya tayar da hawan ruwan ido, kuma lalacewar kan ci gaba makonni bayan fata ta warke. Kada a ɗiga wa irin wannan ido maganin da aka saya ba tare da dubawa ba, balle ruwan ganye ko tozali. Haka nan idan ƙurajen a cikin kunne suke, tare da karkacewar baki, ko jiri, ko raguwar ji, shi ma ba a kwana da shi. Sauran alamun haɗari su ne ƙuraje su bazu ko'ina a jiki, ko zazzaɓi mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko mutum ya fara ruɗewa. Irin waɗannan sai an kwantar da su an ba su maganin ta jijiyar jini.

A gida aikin ba shi da yawa. A wanke wurin a hankali da ruwa mai tsabta da sabulu, a bar shi ya bushe, a rufe da ƙyalle mai taushi. Tsumma mai sanyi yana kwantar da ƙuna, ruwan kalamin ma haka. Riga ta zama sakakkiya ta auduga, mace ta sassauta ɗaurin zane daga wurin. Farasitamol yana rage zafi, in bai isa ba a koma a faɗa, kada a daure, akwai abin da ya fi shi ƙarfi. Cikin kwana bakwai zuwa goma ƙurajen kan bushe su yi ɓawo, cikin mako biyu zuwa huɗu su zube.

Abin da ake yi wa wurin da sunan taimako shi ya fi jawo matsala. Kada a fasa ƙurajen. Kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a kai, kada a yi lalas da ƙarfe mai zafi don a tare kan ɗamarar, tunda dama ba za ta wuce inda jijiyar ta tsaya ba. Garin bagaruwa, toka, man birki, man goge haƙori, duk suna toshe gyambon, su gayyato ƙwayoyin da ke sa mugunya, su bar tabo mai muni. Kafso da alluran kashe ƙwayoyin bakteriya ba sa taɓa bairos, amfaninsu sai idan wurin ya riga ya yi mugunya. Man shafawa mai kotizon, irin na ƙara hasken fata, shi ma a nisanta shi da wurin.

Ba a ɗaukar ɗamarar wuta daga mai ita. Abin da ake ɗauka ƙarambau ne, daga ruwan ƙurajen, ga wanda bai taɓa yi ba. A ƙasashe masu zafi an lura cewa mutane da dama kan girma ba su yi ƙarambau ba, kuma a jikin babba ya fi tsanani, yana iya taɓa huhu. Don haka har sai ƙurajen sun bushe gaba ɗaya, mai ciwon ya rufe wurin, ya ware tawul da shimfiɗarsa, ya riƙa wanke hannu, ya nisanci mai ciki da ba ta san ta taɓa yin ƙarambau ba, da jariri sabon haihuwa, da mai shan maganin sankara. Kaka ta haƙura da goya jika na 'yan kwanakin nan. Inda iyalai suka cunkushe a ɗaki ɗaya ko a ajin makaranta saboda gudun hijira, rufe wurin da ƙyalle kawai yana rage yaɗuwa ƙwarai. Mai cikin da ta riga ta yi cuɗanya da shi ta je asibiti ta faɗa, kada ta jira ƙuraje. Yaron da ya kamu da ƙarambau kuma ba a ba shi asfirin.

Idan tsoho ne ya yi, yawanci tsufan ne dalili. Idan matashi ne ɗan shekara ashirin ko talatin, ko ciwon ya kama wuri fiye da ɗaya, ko ya dawo karo na biyu, ya kamata a nemi abin da ya raunana garkuwar. A auna sukari. A yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, domin ɗamarar wuta tana cikin alamunta na farko-farko, kuma wanda aka gano da wuri yana rayuwa lafiya da magani. Wannan ba dalilin nuna kowa da baki ba ne, mafi yawan masu ɗamarar wuta ba su da ita. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa wa likita ba, wato ƙwayoyin ƙiba irin na deksametazon da 'yan mata ke sha kafin aure, waɗanda a Kano ake kira sha-ka-fashe, a Sudan ma kasuwarsu ta daɗe tana ci. Suna danne garkuwar jiki sosai. Wadda ta daɗe tana sha ta faɗi gaskiya a asibiti, kuma kada ta yanke su rana ɗaya, sai an rage mata sannu a hankali.

Ga wasu, wahalar tana farawa ne bayan fata ta warke. Tsakanin mutum 10 zuwa 18 cikin 100 sukan ci gaba da jin zafi a wurin fiye da wata uku, kuma yawan shekaru yana ƙara yawan haɗarin. Jijiyar ce ta lalace take aika saƙon ƙarya. Taɓawar riga, ko iskar fanka, ko ɗigon ruwa kan sa mutum ya zabura, alhali in ka matsa wurin da ƙarfi wani lokaci ba ya ji. Shan asiklobir da wuri yana gajarta ciwon farko kuma yana kare ido, amma ba ya ba da tabbacin tsira daga wannan. Abin da ke ƙara wa tsoho baƙin ciki shi ne a duba a ga fata sumul a ce raki ne. Ba raki ba ne. Yana hana barci, ya hana cin abinci, ya sa mutum mai fara'a ya daina fita zaure. Farasitamol ba ya yi masa komai sosai. Maganinsa daban ne, masu kwantar da jijiya irin su amitiriftilin, wanda ba shi da tsada, ana farawa da ɗan kaɗan da dare a riƙa ƙarawa, da gabafentin da firegabalin. Sukan ɗauki mako biyu ko fiye kafin a ji sauƙi, suna sa barci da jiri, don haka a kula da tsoho kada ya faɗi idan ya tashi fitsarin dare. Likita ne zai zaɓa, musamman ga mai ciwon zuciya ko mai wahalar fitsari. Sayen taramol a bayan fage don wannan ciwo hanya ce ta ƙara wata cuta a kan ta farko. Yawancin mutane zafin yana raguwa cikin watanni.

Akwai allurar rigakafi mai suna Shingrix, wadda aka amince da ita a Amurka a 2017. Ana yin ta sau biyu, tsakaninsu wata biyu zuwa shida, kuma a gwaje-gwaje ta kare fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 50. Ba ta cikin rigakafin yau da kullum na Sudan, kuma tana da tsada. Amma Hausawan Mai Wurno da Dindir da garuruwan bakin kogin Nil Azrak, waɗanda kakannin da yawansu hanyar Makka ce ta kawo su nan, ba sa rasa ɗan'uwa a Jidda ko Makka ko Madina, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya tana yin wannan allura a cibiyoyinta ga masu shekara 50 zuwa sama. Wanda iyayensa ke zaune tare da shi a can ya tambaya a cibiyar unguwarsu. Wanda ya taɓa yin ciwon ma ana yi masa, bayan ƙurajen sun warke sarai.